Kiran da Ban Amsa Ba

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don wannan kurman da kuke gani kunnensa ya fi naku. Kuna cewa Baba ba ya amsa kira. A tsaya a bayan katanga a yi ta kwaɗa masa kira yana zaune kamar an dasa shi, sai mai kiran ya zagayo ya tsaya a gabansa sannan ya ce na'am. Iyayenku mata sun yanke hukunci tun tuni, wai girman kai ne irin na tsofaffin soja. Babban yayanku har asibiti ya taɓa kai ni a duba mini kunne, likita ya leƙa wannan ya leƙa wancan, ya ce shi bai ga komai ba sai gashi. Ban yi musu da kowa ba a lokacin. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, gara ku ji daga bakina, kada in tafi ku bar wa jikokina labarin cewa kakansu mai girman kai ne.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kakarku da ba ku sani ba, wadda muke ce wa Inna. Daga wata ruga ta gefen Faskari aka auro ta zuwa Ruwan Godiya, ta zo da kunyarta cikakkiya. Ku na yanzu ba za ku gane ba. Ina ganin matanku suna ɗaga ɗan fari sama suna kiran sunansa a gaban surukai, ko a jikinsu. Inna kuwa, tun da aka raɗa mini Haruna ba ta taɓa furta shi ba. Ko wani Harunan daban za ta ambata, sai ta ce mai sunan wancan. Ni ne wancan. In za ta ba ni tuwo sai ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce wa ƙanwata Hansai, mai yunwa ya ɗauka. In za ta yi mini faɗa sai ta fuskanci bango ko turmi ta wanke shi tas, ni kuma in tsinci nawa. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Da na yi ƙyanda ina yaro, kakata ce ta yi jinyata, amma duk lokacin da na buɗe ido ina hango ƙafafun Inna ta ƙarƙashin zanar da ta kare ɗakin, a tsaye, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Ni ma na iya nawa zaman. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba.

Shiga soja ba wani dogon tunani na yi ba. Na kai gyaɗa Funtuwa na tarar ana kaɗa badujala, na ga samari cikin kaki ƙirji a buɗe, shi ke nan hankalina ya bi su. Mahaifina ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya sa albarka. Da safen da zan tafi, Inna tana niƙa a bakin dutse, ta ba ni baya. Na durƙusa nesa da ita na ce zan tafi. Hannunta bai tsaya ba. Sai ta ɗaga murya kamar Hansai tana can nesa, alhali ga ta a gefenta:

“Hansai, ce ma wancan, tunda ya ƙi zama. In ya shiga dajin da ba nashi ba ya ji an kira sunanshi, kada shi amsa sai ya ga mai kiran da idonshi.”

Hansai ta juyo ta maimaita mini ɗaya bayan ɗaya tana danne dariya. Wannan ne guzurin da na samu daga uwata, sai ƙullin dakkwa da na tarar a cikin jakata, wanda ba wanda ya ce shi ya saka.

Na yi zaman bariki a Zariya da Kaduna, babu abin faɗa a ciki sai fareti da gugar takalmi. Ana saura kaɗan Turawa su miƙa mulki aka kwashe mu zuwa tsaunukan Kamaru, bakin iyaka. Yaƙin ba namu ba ne. Mutanen tsallake ne suke fafatawa da Faransawa, mu kuma aka ce mu tsare kada wutar ta tsallako. Sansaninmu yana kan wani tudu mai ciyawa, tantuna da 'yan bukkoki da muka gina da hannunmu, ƙasa da mu kwari ne mai rafi. Wata da watanni ban harbi kowa ba, ba wanda ya harbe ni. Sai dai ka hango hayaƙi a tsallake ka san wani gari ya ƙone, bayan kwana biyu ka ga mata da yara suna hawowa da tukwane a ka, ba mai kuka a cikinsu. Mu bincike kayansu mu bar su su wuce. Yaƙin da ba ka gani yana cin rai fiye da wanda kake gani, wannan na tabbatar.

Zaman sansanin kansa shi ne aikin. Bigila ta tashe mu, mu yi alwala da ruwan da yake sa haƙora kaɗawa. Rana takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, har sai da aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa don kada mu ɓatar da gabas. Ka goge takalmi da yamma, da safe ka tarar ya yi furfura. Wanki ba ya bushewa sai an rataya shi a saman murhun kuku, saboda haka dukanmu warin banda muke yi, har Baturen hafsanmu da muke ce wa Mai Lofe. Abinci garin masara ne da gwaza da ayaba, sai naman gwangwani da muka yi ta gardama a kansa ko yankan Musulmi ne, har yunwa ta raba gardamar. Kuka da daddawa kuwa sun zama zinariya. In babu sintiri sai mu haƙa gurbin dara a ƙofar tanti mu yi ta yi, ruwa ya cike gurbin, mu kwashe mu ci gaba.

Mu uku muke cin kwano ɗaya, don ƙasarmu ɗaya. Akwai Kofur Bawa, mutumin Ƙanƙara, wanda ya yi yaƙin Bama tun muna wasan ƙasa. Da bakinsa yana da linzami da tuni ya zama samanja, amma shi ko Bature ne ya yi shirme sai ya gaya masa. Sai Sale, ɗan Sabuwa, sa'ana, wanda bai daɗe da aure ba aka taso mu. Sale bai san baƙin rai ba. Amaryarsa ta ƙulla masa daddawa a tsumma, ta ƙare tun da daɗewa, amma bai yar da tsumman ba. In an kawo miyar da ba ta da kai sai ya fito da shi ya zagaya da shi bakin hancinmu, ya ce kowa ya shaƙa sau ɗaya, wanda ya ƙara sai ya biya.

Abin da ba mu saba da shi ba a ƙasar nan shi ne girgije. A wurinmu girgije a sama yake. A can kuwa saukowa yake yi ƙasa, da rana tsaka, ya taso daga kwari fari fat, a hankali, ya lulluɓe tantuna ɗaya bayan ɗaya har ka miƙa hannu ka kasa ganin yatsunka. Yana da sanyi, yana jiƙa gira. In ya sauka tsuntsaye sukan yi tsit, kuma sauti yakan rikice, wanda yake gefenka ka ji shi can nesa, na nesa ka ji shi a bayan kunnenka. Sale ne ya raɗa masa suna. Da ya hango shi yana tasowa sai ya ce:

“Jama'a a gyara zama, ga amarya nan tahe cikin lulluɓi.”

Mu yi dariya. Kofur Bawa ba ya yi. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da take kawo mana gwaza, mai surutu da raha ko da ba ma jin yaren juna. Kofur ya lura in girgijen ya same ta a sansani takan rufe bakinta ta zauna a inda take har ya wuce. Ya kuma lura a ƙauyensu ba a kiran yara da baki in ya sauka, wani kututturen itace mai rami ake bugawa. Ya tambaye ta da guntun Turancinsa na bariki, ta ba shi amsa gajera. Da muka zauna cin abinci ya ce mana:

“Ta ce abin yana aron murya. Ku dai kun ji. Na ga irin wanga a Bama, ba a nan aka fara ba. In ya sauko, wanda ya kira ku ku ƙyale shi, ko ni ne.”

Sale ya ce, “To Kofur, in Mai Lofe ne ya kira fa? Mu ce mashi amarya ta hana?”

Kofur ya ce, “Ci tuwonka, ɗan nema.”

Maganar Inna ce ta dawo mini, har da ƙarar dutsen niƙanta.

Ranar da abin ya faru wanki muka sauka yi a rafi, ni da Sale, hantsi ya ɗaga. Muna cikin yi girgijen ya taso. Muka ce bari mu ƙarasa, ai mun san hanya. Yana gefena, ina jin bugun rigarsa a kan dutse, ina ganin inuwarsa dishi-dishi. Sai bugun ya tsaya. Na ji ya yi 'yar dariya, irin ta mutumin da aka yi wa ba-zata mai daɗi, ya ce:

“Na'am!”

Ni ban ji kowa ya yi kira ba. Na ce, “Kai da wa?”

Ya ce, “Ba ka ji ba? Muryar yarinyar nan ce, mai ɗakina. Mi ya kawo ta nan?” Sai ya ƙara ɗaga murya, “Na'am, ga ni nan!”

Na miƙa hannu in kama shi na kama iska. Na ji takunsa a cikin ruwa, ba gudu yake ba, tafiya yake irin ta mai zuwa tarar baƙo. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na buɗe baki zan kira sunansa, sai na fasa, don ban san wa zai amsa mini ba. Sai na yi ta ihu ba suna, har mutanenmu suka sauko suna busa usur. Da gari ya washe ga rigarsa a kan dutse, ga sabulunsa, ga takalmansa a jere yadda ya ajiye su.

Mun neme shi kwana da kwanaki, kwari da tudu. Mai Lofe ya ce ko dai ya zame ya faɗa wani rami, ko mutanen tsallake sun kama shi. Mai yiwuwa ne, ramuka suna da yawa a wurin, ban kuma ce ƙarya ya yi ba. Kofur Bawa dai da na ba shi labari yadda aka yi, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce cikin fushin da na san na baƙin ciki ne:

“Yaron banza. Da ya tsaya ya yi tunani kaɗan. Wace ɗiyar mutunci ce za ta tsaya ta kira sunan mijinta gatsau? Ko a ɗakinsu ba ta yi, balle a bayan duniya. Nan ya kamata shi gane.”

Bayan ɓatan Sale sansanin ya canza. Kuku bai rage mana tuwo ba, mu kuma ba mu ce ya rage ba. Ni in ci gefena, Kofur ya ci gefensa, gefen Sale ya tsaya kamar an yanka da wuƙa, mu mayar da kwanon haka. Da safe in ana kiran sunaye a fareti, saje yakan tsallake nasa, amma sai ya ɗan yi shiru daidai wurin, mu duka mu kasa kunne ba tare da mun shirya ba. Tsumman daddawar yana cikin aljihun wata rigar da ya bari a rataye, tantin ya riƙa ƙamshinsa in an yi ruwa. Dara ta mutu. Aka kafa doka ba mai sauka rafi shi kaɗai, kuma in girgije ya sauko usur ne kawai magana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce ka shafa wa naka ruwa ba. Na ji tsoro a kwanakin nan, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko da aka fara koya mana harbi.

A haka muka kwashe makonni har ranar cika-ciki ta zo. Muka ce ko a bakin kura muke sai mun cika ciki kamar a gida. Aka yi karo-karo aka samo akuya, kuku ya ce ruwa ba zai isa ba. Bayan la'asar aka tura ni rafi da garwa biyu, Kofur Bawa ya ce shi zai raka ni. Sama a washe take da muka sauka. Na cika garwa ɗaya, ina cikin cika ta biyu na ji sanyi a ƙeyata, na ɗaga kai na ga tsallaken rafin ya ɓace. Kofur ya matso ya riƙe mini ɗamara ta baya, ya ce mu tsaya a nan har ya wuce. Muka tsaya. Ko ƙarar ruwan sai da ta yi ƙasa.

Sai na ji an ce, “Haruna.”

Ba da ƙarfi ba. Ba daga tsallake ba, ba daga sama ba, kamar dai daga cikin ɗaki, mutum yana kwance. Muryar Inna ce. Ba kama ba ce, ita ce, da ɗan karyewar harshenta na Fillanci da ba ta rabu da shi ba. Kuma sunan bai zauna a bakinta ba, ta faɗe shi a hankali kamar mai taka dutsen da bai tabbatar da shi ba. Wallahi har ƙamshin ɗakinta na ji, hayaƙin kara da man shanu. Garwar ta suɓuce daga hannuna. Ban ji tsoro ba, ku ji da kyau, daɗi na ji. Tun ina yaro nake son in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan, ban taɓa gaya wa kowa ba, ga shi yau na ji. Na'am ta taso mini tun daga ciki har ta iso bakin haƙora.

Kofur ya ji jikina ya saki. Ya fizgo ni ya juyo da ni har hancinmu ya kusa haɗuwa, ya ce ƙasa-ƙasa:

“Wa ka ji?”

Na ce, “Inna ce, Kofur. Uwata ce.”

“Mi ta ce?”

“Sunana ta kira.”

“Kai ba ɗan fari ba ne?”

Na ce ni ne.

“Tun da ta haife ka, ta taɓa kiran sunanka?”

Na ce ko sau ɗaya.

Ya ce, “To ba ita ba ce. Rufe bakinka.”

Aka sake kira. Wannan karon ya fi fitowa, kamar bakin ya fara sabawa. Na cire hulata na cusa a baki na ciza. Hawaye yana zuba, Kofur yana karanta Ayatul Kursiyyu a kunnena yana riƙe da ni kamar ragon da zai kuɓuce. Ina ce wa kaina, ita da kanta ta ce kada in amsa, ita ta aiko Hansai ta gaya mini. Kira na ƙarshe da na ji ba kira ba ne sosai, tambaya ce, irin ta wanda ya leƙa ɗaki mai duhu yana son ya san ko da mutum a ciki. Daga nan aka yi shiru mai tsawo, ana saurare. Na san ana saurare, kada ku tambaye ni yadda na sani. Sannan na ji kamar an sauke numfashi, ƙamshin ya ɗauke, ƙarar rafi ta dawo.

Da muka hau tudu Kofur ya ce in gode wa Allah, na tsallake abin da Sale bai tsallake ba. Na gode masa. Aka ci akuya aka cika ciki, ni loma biyu na iya. Har muka bar tsaunukan nan ina ganin na yi nasara a kan wani mugun abu, har ina ba sababbin zuwa labari don su kiyaye.

Sai da kaka ta yi aka ba ni hutu. Mota ta sauke ni a Sheme, ranar kasuwa. Wani mai sayar da gishiri da ya san mahaifina ya ɗago ya gan ni, sai ya ja da baya har ya ture mudunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya matso ya taɓa hannuna, ya matsa, kamar mai taya akuya.

Ya ce, “Haruna? Kai ne da ranka?”

Na ce ga ni kuwa. Ya yi salati. Sai kuma fuskarsa ta sauya, ya riƙe hannun nawa da hannu biyu ya ce, “Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta.” Ban tambaye shi wa ba. Na ɗauki jakata na kama hanyar Ruwan Godiya, dawa ta sunkuya hagu da dama.

Mahaifina ya karɓe ni a zaure, muka yi abin da maza suke yi, gaisuwa da addu'a da shiru. Sun aika saƙo barikin Kaduna, bai same ni ba. Hansai ce ta ba ni labarin, a ƙofar ɗakin Inna, tana goye da ɗanta. Ta ce da damina wani falke mai kai shanu kudu ya zo da labari kasuwar Sheme, wai wani saurayin soja ɗan ƙasar nan ya ɓace a duwatsun Kamaru, ba a ga ko gawarsa ba. Bai san suna ba. Mutane suka ce ai ba wani sai Haruna. Labarin Sale ne ya iso gida ya sauka a ƙofar da ba tasa ba. Aka fara shigowa ana yi wa mahaifina jaje. Inna kuwa ba ta da bakin tambaya, ba ta da damar kuka a gaban mutane, don wancan ne. Ta ci gaba da niƙa da daka kamar ba ta ji ba, sai dai ta bar cin abinci. Zazzaɓi ya zo ya same ta ba ƙarfi.

Na ce, “Wace rana ce?”

Hansai ta ce, “Ranar cika-ciki, bayan la'asar. Ana ta girki a maƙwabta.”

Na zauna a ƙasa. Ta ce tun da rana Inna ta fara ganin mutanenta da suka riga mu gidan gaskiya, tana kallon bakin ƙofa tana yi musu maraba. Ta kira babanta, ta yi shiru, ta gyaɗa kai kamar ya amsa. Ta kira yayarta. Ta kira 'yan biyun da ta binne suna jarirai, ta yi murmushi. Duk wanda ta kira sai ta saurara, sai ta gyaɗa kai.

“Sai ta yi shiru ta daɗe, Yaya. Sannan ta kira ka. Da sunanka. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce, subhanallahi, ta fita hayyacinta. Ni kau na san tana cikin hankalinta, don sai da ta ja mayafi ta rufe fuska kafin ta faɗa. Ta kira, ta kasa kunne. Ta sake, ta kasa kunne. Duk muka yi tsit, ni har ina jin tsoron in ji an amsa.”

Na ce, “Sai me?”

“Sai ta sauke numfashi ta buɗe fuskarta. Ta ce, alhamdu lillahi, ba shi cikinsu. Ta ce mani, Hansai, ce ma babanku kada a yi ma wancan sadaka, shina nan da ranshi. Ba ta ƙara wata magana ba sai shahada.”

Na yi kuka a ƙofar ɗakin nan irin wanda soja bai kamata ya yi ba, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Kafin hutuna ya ƙare na je Sabuwa na kai wa iyayen Sale kayansa. Na sa wata tsohuwa ta tambayar mini matarsa ko ta taɓa kiransa a ranta ko a bakinta a kwanakin nan. Yarinyar tana nan lafiyarta ƙalau, ta aiko cewa ita ko a mafarki ba ta iya kama sunansa. Saboda haka ban ce Kofur Bawa ya yi kuskure ba, har ya rasu ban gaya masa abin da na tarar a gida ba. Abin da ya kira Sale daban, ban san ko mene ne ba, Allah ya bar wa kansa sani. Na kuma sha juya abin a raina. Da na amsa, da ta tafi tana zaton na mutu, ko kuwa da na bi muryar na faɗa inda Sale ya faɗa. Shirun da na yi shi ne abu mafi daɗi da na taɓa ba uwata. Na san haka, malamai ma sun gaya mini haka. Amma sanin bai hana ni jin ciwon ba. Sau ɗaya tak a duniya ta cire kunya ta kira ni, ni kuma ina tsaye da hula a baki.

Tun daga ranar bakina ya ƙi sakin na'am ga muryar da ban ga mai ita ba. Da farko tsoro ne, daga baya ya zama wani abu daban. Na hana ta wadda ta fi kowa cancanta, sai nake jin nauyin in riƙa raba ta a banza ta bayan katanga. Ba girman kai ba ne, ku gaya wa iyayenku mata, ko da yake na san ba za su janye ba.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin da ya sa na zaunar da ku. Ita ta ga mutanenta a bakin ƙofa, ina sa rai ni ma zan ga nawa, kuma na san wadda za ta riga kowa magana, tunda yanzu bakinta ya saba. In wata rana kuna zaune kuka ji na ce na'am, kuka duba ba wanda ya kira ni, kada wani ya ce tsufa ne, kada a tafi neman mota. Ku juyar da ni gabas, ku matso kusa ku laƙƙana mini shahada. Wannan karon ba zan sa hula a baki ba.